Kwana Huɗu a Gari Ɗaya Sun Fi Gari Biyar a Yini Ɗaya

A gaɓar tekun Liguriya, arewa maso yammacin Italiya, akwai ƙauyuka biyar da suka maƙale a jikin duwatsu kamar sheƙar tsuntsu: Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore. Sunansu a dunƙule Cinque Terre, ana furta shi Cinkwe Tere, ma'anarsa kuwa ƙasashe biyar. Mazaunansu duka-duka ba su wuce 4,000 ba, amma baƙin da ke kwarara cikinsu a shekara sun haura miliyan 2, mafi yawansu tsakanin Afrilu da Oktoba. Jirgin ƙasa yana ratsa su daga farko zuwa ƙarshe cikin kimanin minti 20.

Wannan kusanci ne ya haifar da irin shirin hutun da ya zama ruwan dare. Matafiyi yakan taso da safe daga Florence ko daga tashar jiragen ruwa ta La Spezia, ya sauka a kowane ƙauye na ɗan lokaci, ya tsaya inda dubbai suka tsaya gabaninsa, ya ɗauki hoton gidajen nan masu launi-launi da suka yi tsaye bisa teku, kafin magariba ya koma inda ya fito. A takarda shiri ne mai ban sha'awa, wurare biyar a farashin yini ɗaya. A aikace kuwa shi ne mafi munin shirin da mutum zai yi wa kansa, kuma mafi cutarwa ga garin da ya ce yana ƙauna. Duk mai niyyar hutun bazara a wannan gaɓa, ko wata mai kama da ita, ya kamata ya zaɓi gari ɗaya, ya kwana a cikinsa, ya kauce wa watan Agusta, sannan ya san hannun da kuɗinsa ke faɗawa. Dalilin haka yana can saman rufin gidajen, a sashen da galibi ba ya shiga hoto.

Wa ya gina abin da ake kallo?

Mai kallon hoto yakan ɗauka ƙauyukan masunta ne. In aka cire Monterosso, wadda ta yi suna da ƙananan kifayen da ake jerawa cikin gishiri, mutanen yankin manoma ne tun asali, teku na gabansu amma arzikinsu na bayansu. Dutsen da suka gada ba shi da shimfiɗaɗɗen fili ko na tabarma, don haka cikin ɗaruruwan shekaru suka sassaƙe shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa aka tokare shi da katangar duwatsu da aka jera ba laka ba siminti, aka ciko bayanta da ƙasa, aka dasa inabi da zaitun da lemun tsami. Wanda ya san gonakin tsaunin Sukur a jihar Adamawa ya san irin wannan fasaha. Ana ƙiyasta cewa da za a miƙe katangun Cinque Terre a layi guda, da sun haura kilomita 6,000.

Wannan aikin hannu ne ya sa hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, tare da Portovenere da tsibiran da ke kusa, kuma gwamnatin Italiya ta mai da shi gandun ƙasa a 1999. A 2018 UNESCO ta ƙara da amincewa da fasahar jera dutse ba laka a matsayin gadon al'ada na ɗan Adam, Italiya na cikin ƙasashen da aka ambata.

Katangar da ba ta da siminti tana da wata hikima: ruwan sama yana tsiyayewa ta tsakanin duwatsunta, ba ya taruwa a bayanta har ya ture ta. Sharaɗinta ɗaya ne, wato a riƙa duba ta. Dutse ɗaya ya zame, manomi ya mayar; magudana ta toshe, ya yashe. Idan manomi ya tafi, saiwar itace ta kutsa, namun daji su tone, sai katanga ta kumbura ta fashe, ta sama ta faɗa kan ta ƙasa.

Manoman kuwa sun daɗe da fara tafiya. An buɗe babbar ma'aikatar jiragen yaƙin ruwa a La Spezia a 1869, layin dogo ya ratsa ƙauyukan a 1874, daga nan samari suka gane akwai albashin da ba ya buƙatar ɗaukar kwandon inabi a ka ana hawa matakala ɗari-ɗari. Cutar saiwar inabi ta yi ɓarna a shekarun 1920. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙaura ta tsananta. A yau mafi yawan gonakin da aka taɓa nomawa sun koma daji, kuma wanda ya tsaya ya lura zai hango layukan tsofaffin katangu suna ɓacewa a ƙarƙashin ciyayi.

Ranar da dutse ya sauko

Ranar 25 ga Oktoba, 2011, aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a gabashin Liguriya da arewacin Tuskani. Cikin 'yan sa'o'i ƙasa ta zaftare a ɗaruruwan wurare. Babban titin Vernazza an shimfiɗa shi ne bisa wani rafi da aka rufe. Da laka da duwatsu da itatuwa suka toshe hanyar rafin, sai ya dawo saman titi, ya cika kantuna da gidajen ƙasa da taɓo mai tsayin da ya kai mita 4 a wasu wurare. Mutum 3 suka rasu a Vernazza, igiyar ruwa ta kai gawarwakinsu har gaɓar Faransa. A yankin baki ɗaya rayuka 13 suka salwanta, Monterosso ma ta sha nata kason.

Masana ilimin ƙasa na jami'ar Jenowa da suka bi diddigin kwarin Vernazza bayan haka sun gano cewa zaftarewar ta fi tsanani a gonakin da ba a daɗe da yin watsi da su ba, waɗanda manomi ya bari amma daji bai riga ya kama su da saiwa ba. Ma'ana, katangun saman dutse su ne garkuwar gidajen da ke ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza.

Shekara guda bayan nan, a Satumban 2012, duwatsu suka gangaro kan Via dell'Amore, turbar nan da ba ta cika kilomita 1 ba tsakanin Riomaggiore da Manarola, suka raunata mata 4 'yan Ostireliya. Aka rufe ta, ba a sake buɗe ta gaba ɗaya ba sai a 2024, bayan an kashe sama da euro miliyan 20 wajen ɗaure dutsen da ragar ƙarfe. Yanzu sai da tikiti mai ƙayyadadden lokaci ake shiga, kuma ta ɓangare ɗaya.

Saboda haka tambayar da ta dace mai shirin hutu ya yi wa kansa ita ce: daga cikin kuɗin da zai kashe, nawa ne zai hau dutse ya isa ga katanga?

Lissafin baƙon yini

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa takan jiƙa ganye kafin ta bushe, amma akwai baƙon da ko wannan ba ya yi. Fasinjan katafaren jirgin yawon shaƙatawa da ya tsaya a La Spezia ya riga ya biya kuɗin kwanansa da abincinsa ga kamfanin jirgi. Wanda ya zo cikin ayarin motar safa ya biya kamfanin da ya shirya tafiyar a wani birni. Abin da ya rage musu su kashe a ƙauye bai wuce na ƙanƙara mai zaƙi, da gorar ruwa, da wani ɗan tsarabar da galibi ba a yankin aka ƙera ta ba. Sai dai suna amfani da dandamalin tasha, da bayan gida, da kwandon shara, da titin nan guda ɗaya da tsohuwa ke bi zuwa kantin magani, kuma duk suna zuwa ne a lokaci guda, tsakanin hantsi da la'asar.

Kasuwa kuwa tana bin mai saye. Inda dubban mutane ke wucewa da sauri, hayar shago takan tashi har mai gidan burodi da mai nama su kasa biya, sai masu sayar da soyayyen kifi cikin takarda da masu maganaɗisun firiji su maye gurbinsu. Matashin da zai iya samun kuɗin wata cikin mako guda a bakin tasha ba shi da dalilin hawa dutse ya jera katanga. Ta haka yawon buɗe ido na gaggawa yake janye hannaye daga aikin da ya samar da abin da ake zuwa kallo.

Hukumomi sun fara kokawa da lamarin. Gandun yana sayar da katin shiga fitacciyar turbar bakin teku, kuma daga kuɗin ake gyaran hanyoyi. Tun 2019 ana iya cin tarar wanda ya hau turbar da silifas, daga euro 50 har 2,500, domin masu aikin ceto sun gaji da sauko da masu karaya. A wasu ranakun cunkoso ana mai da turbar Monterosso zuwa Vernazza mai tafiya ɗaya. Tun 2024 farashin jirgin da ke zirga-zirga tsakanin La Spezia da Levanto yana hawa da sauka bisa yawan jama'a, har ya kai euro 10 a tafiya guda, ko da tasha ɗaya ce. Maƙwabta ma haka: Portofino ta kafa wuraren da aka hana tsayawa a 2023, Venis ta fara karɓar euro 5 daga baƙin yini a Afrilun 2024, gaɓar Amalfi kuma tana raba wa motoci ranaku bisa lambarsu a lokacin cunkoso. Duk waɗannan matakai alama ce ta cewa tulu ya cika. Doka tana iya rage cunkoso a bakin ƙofa, amma shawarar yadda za a yi tafiya ana yanke ta ne tun a gida, watanni kafin a ɗaure kaya.

Tarkon Agusta

Baƙo daga nesa yakan zaɓi Agusta domin shi ne tsakiyar bazarar Turai. Abin da bai lissafa ba shi ne Italiyawa da kansu a watan suke hutu. Ranar 15 ga Agusta ita ce Ferragosto, bikin da asalinsa ya koma ga hutun da sarki Agustus na Rum ya kafa a shekara ta 18 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya ya haɗu da wani babban idin cocin Katolika. A makonnin da ke kewaye da ranar, masana'antu da ofisoshi da yawa suna rufewa, mutanen Milan da Turin su gangaro bakin teku. Ɗakin kwana yana kai ƙololuwar tsada, rana na dukan turbar da ba ta da inuwa sosai, rairayin Monterosso, wanda shi ne kaɗai bakin teku mai faɗi a ƙauyukan biyar, yana cika da laimomin haya tun da sassafe.

Farkon Yuni da rabin Satumba na biyu sun fi dacewa ta kowace fuska. A Yuni yini yana da tsawo, dutse kore ne shar. A Satumba makarantun Italiya sun koma, teku na riƙe da ɗumin da ya tara, kuma lokacin girbin inabi ne, inda baƙo zai ga ƙananan kekunan dogo guda suna hawa gangare da akwatuna, abin da ya rage wa manoma ɗaukar kaya a kafaɗa. Wanda ya jinkirta har ƙarshen Oktoba kuwa ya shiga kakar ruwa mai ƙarfi, kuma da zarar hukuma ta ba da gargaɗin yanayi ana rufe turbobi.

Wannan lissafi ya fi shafar mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana, wanda sai da bizar Shengen zai shiga Italiya. Kuɗin biza kaɗai euro 90 ne tun Yunin 2024, ga inshorar lafiya da ta kai ta euro 30,000, ga shaidar masauki da tikiti, ga jiran ranar ganawa. Ana karɓar takardun nema tun watanni 6 kafin tafiya, kuma mai hankali ba ya bari sai bazara ta ƙarato. Mutumin da ya sha wannan ɗawainiya, ya canza kuɗinsa a farashin da ya sani, bai kamata ladansa ya zama tsayuwa cikin layi a dandamalin Manarola da tsakar rana ba.

Abin da masu suka za su ce

Akwai hujjoji biyu masu nauyi a kan wannan ra'ayi. Ta farko ita ce kwana a Vernazza ko Manarola sai mai hali, don haka kushe baƙon yini tamkar a ce kyakkyawan wuri na masu kuɗi ne kaɗai. Akwai gaskiya a ciki, kuma babu mai ikon hana talaka ganin teku. Amma rahusar yini ɗaya ba ta kai yadda ake zato ba idan aka haɗa kuɗin jirgi a ranar tsada, da katin turba, da abincin bakin tasha. Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya sauka a Levanto, minti kaɗan a jirgi daga Monterosso, ko a La Spezia, ya shiga ƙauye ɗaya da sassafe ko da yamma, ya bar tsakar rana ga ayari. Abin da ake nema a gyara shi ne gaggawa da sa'ar zuwa, kuma waɗannan ba su da alaƙa da nauyin aljihu.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Baƙon da ke kwana shi ne ke sa masu gidaje su fitar da 'yan haya su mai da ɗakuna masaukin kwana-kwana, har ma'auratan gari su rasa inda za su zauna. Wannan matsala ce ta gaske a duk garuruwan yawon buɗe ido na Italiya, gwamnati kuma ta wajabta wa kowane masaukin gajeren zama lambar rajista ta ƙasa daga Janairun 2025. Kwana kaɗai ba ya wanke baƙo. Akwai bambanci tsakanin ƙaramin masaukin da iyali ke gudanarwa, suna zaune a garin rani da damina, 'ya'yansu na makarantar garin, da gidan da wani kamfani na nesa ke sarrafawa ta waya. Mai tafiya yana iya duba lambar rajista, ya lura ko mai masauki mutum ne mai suna da fuska, ya kuma biya harajin kwana da ƙaramar hukuma ke karɓa ba tare da ƙorafi ba, domin wannan na cikin kuɗin da ke tsayawa a gari.

Wasu kuma za su ce yawon buɗe ido ne ya ceto waɗannan ƙauyuka daga talauci, kuma haka ne. Ba don baƙi ba, da wataƙila rabin gidajen sun zama kufai. Mutanen yankin ba sa neman baƙi su daina zuwa. Shi ya sa yadda ake zuwan yake da muhimmanci.

Yadda shirin kirki yake

Zaɓen gari ya danganta da jiki da buƙata. Mai iyali da yara ƙanana, ko wanda gwiwa ke damu, Monterosso ta fi masa, domin ita ce mafi shimfiɗa kuma tana da rairayi. A can ne mawaƙi Eugenio Montale, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1975, ya yi hutun ƙuruciyarsa. Mai neman shiru ya nufi Corniglia, wadda ke bisa tsauni kimanin mita 100 sama da teku, jiragen ruwa ba sa tsayawa a cikinta, kuma matakala kusan 380 da ke tsakaninta da tasha suna tace baƙi, ko da yake akwai ƙaramar motar da ke hawa. Vernazza tana da tashar kwalekwale mafi kyau, kuma ita ce ta fi shan matsi da rana. Mota ba ta da amfani a nan, domin ba a barin baƙo ya shiga da ita tsakiyar ƙauye. Babban akwati ma azaba ne a lungunan da duk matakala ne.

Wanda ya kwana huɗu zai ga gari biyu a wuri ɗaya. Akwai na tsakar rana, wanda ya fi kyau a bar wa ayari. Akwai kuma na asuba da na bayan la'asar, lokacin da tsofaffi ke fitowa dandali, yara na buga ƙwallo a bakin coci, masu kwalekwale na jawo su tudu. Tsakar ranar kuwa sai ya hau sama. Gandun yana da turbobi fiye da kilomita 100, mafi yawansu kyauta ne kuma ba kowa a kansu. Kowane ƙauye yana da tsohon wurin ibada a samansa, Soviore bisa Monterosso, Reggio bisa Vernazza, Montenero bisa Riomaggiore, kuma hanyar da ta bi ta Volastra tsakanin Manarola da Corniglia tana ratsa gonakin inabin da har yau ake nomawa. A nan ne mutum zai taɓa katanga da hannunsa, ya ga wadda aka gyara bana da wadda ta zube bara.

Saura batun sayayya. Mafi yawan inabin yankin giya ake yi da shi, ciki har da sanannen Sciacchetrà. Wanda ba ya sha yana da zaɓi: man zaitun, lemun tsamin Monterosso, zuma, kifin gishiri, da miyar ganyen ɗaɗɗoya da ake kira pesto, matuƙar ya tambayi inda aka noma ko aka haɗa. Akwai ma wata gidauniya da mutanen Manarola suka kafa a 2014, wadda ke karɓar gonakin da aka yasar, ta sake jera katangunsu, ta miƙa wa masu son noma. Duk euro ɗin da ya shiga hannun manomi ko irin wannan ƙungiya yana komawa dutse.

Mai irin wannan shiri zai koma gida bai taka ƙauyuka biyu ko uku daga cikin biyar ba, kuma wani zai ce masa ya yi asara. Sauri ya haifi nawa. Wanda ya zaga biyar a yini ɗaya ya dawo da hotunan da ke akwai a intanet tun kafin ya tashi, wanda ya zauna a guda ya dawo da sanin sunan mai gidan burodi da hanyar da ruwa ke bi idan ya sauko daga dutse. Ruwan Oktoba zai sake zuwa Vernazza, kuma abin da zai tarar a saman garin ya danganta da ko akwai sauran mutanen da suke ganin jera dutse sana'a ce mai ci da iyali.